Tsohon Jirgi Mai Farfela a Sana'ar Dakon Kaya: Inda Riba Take da Inda Haɗari Yake

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda ake gudanar da kamfanin dakon kaya ta sama a gajerun hanyoyi da tsofaffin jirage masu farfela. Ta kwatanta tsari biyu. Na farko shi ne na ƙananan kamfanonin da ke yi wa manyan 'yan aike irin su FedEx da UPS da DHL aiki bisa kwangila. Na biyu shi ne na masu jiragen Antonov da suka kwararo Afirka bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Dukansu da tsofaffin jirage suke aiki, amma sakamakonsu ya sha bamban. Takardar ta nuna cewa ribar tsohon jirgi tana fitowa ne daga arahar zamansa a ƙasa, kuma ribar ba ta tabbata sai an haɗa ta da kwangila tsayayya, da asusun garambawul, da hukuma mai sa ido. Daga ƙarshe ta auna ko Kano da biranen da ke kewaye da ita za su iya ɗaukar irin wannan sana'a.

Fitilun Kalmomi: jirgi mai farfela, dakon kaya, garambawul, kwangila, gajiyar ƙarfe

1.0 Gabatarwa

A manyan filayen jiragen sama na Amurka, da asuba babban jirgin jet yakan sauka daga Memphis, cibiyar FedEx, ko daga Louisville, cibiyar UPS. A gefen fili ƙananan jirage masu farfela suna jere suna jiransa, wasunsu sun girmi matuƙansu. Kafin rana ta ɗaga an rarraba musu kaya, kowanne ya nufi wani ƙaramin gari mai nisan sa'a ɗaya ko ƙasa da haka. Can zai wuni a ajiye. Da yamma a ɗora masa saƙonnin garin, ya komo ya miƙa wa babban jirgi. Aikinsa na ranar ke nan: sawu biyu, da wuya ya haura sa'a uku a sama.

Duk wanda ya san harkar motocin haya zai ce wannan asara ce, domin a tasha motar da ba ta kan hanya ci take yi ba ta kawowa. Tambayar da takardar nan ta sa a gaba ita ce: ta yaya jirgin da ya yi shekara 30 ko 40, wanda kuma yake wuni a ajiye, yake kawo riba? Sannan me ya sa irin wannan jirgi yake aiki lafiya shekara da shekaru a wani wuri, a wani wurin kuma ya zama ajalin mutane?

2.0 Jiragen da Ake Magana a Kansu

Jirgi mai farfela iri biyu ne. Akwai mai injin fistan irin na mota, wanda zamaninsa ya kusa shuɗewa a harkar dako. Akwai kuma wanda injinsa dangin na jet ne, yana shan man jet, sai dai ƙarfin da ya samar yana tafiya ne wajen juya farfela. Wannan na biyun shi takardar ke nufi duk inda ta ce jirgi mai farfela.

A gajeriyar tafiya ya fi jet tsimin mai. Kamfanin ATR na Faransa da Italiya yana cewa jiragensa suna rage shan mai da kashi 40 cikin 100 ko fiye idan aka kwatanta su da jet mai girmansu. Gudunsa kimanin kilomita 500 ne a sa'a, amma a tafiyar kilomita 500 ratar da jet zai ba shi ba ta kai rabin sa'a ba, kuma kwali ba ya ƙorafin jinkirin minti 20. Yana kuma sauka a gajeren titi, wasu samfuran har a kan tsakuwa ko turɓaya.

Ta fuskar lodi ana iya kasa su gida uku. Ƙanana su ne irin Cessna Caravan, wanda ya fara tashi a 1982, mai inji ɗaya da matuƙi ɗaya, yana ɗaukar kimanin tan ɗaya da rabi, da kuma Beech 99 da Beech 1900 da Fairchild Metro. Matsakaita su ne Embraer Brasilia da Saab 340 da Fokker F27 da Antonov An-26 da ATR 42 da ATR 72, daga wajen tan 3 zuwa tan 8 ko 9. Manya su ne masu inji huɗu, irin Antonov An-12 da Lockheed Hercules na farar hula, masu ɗaukar tan 20, da Lockheed Electra wanda kamfanin Buffalo Airways ya riƙe a arewacin Kanada duk da cewa samfurin ya fara tashi tun 1957.

Mafi yawansu da fasinja suka fara. Idan kamfanin fasinja ya gaji da jirgi, sai ɗan dako ya saye shi da araha, ya cire kujeru, ya ƙarfafa daɓe, ya toshe tagogi, ya sa ragar tare kaya da na'urar gano hayaƙi, wani lokaci ya faɗaɗa ƙofa. An daina ƙera Saab 340 a 1999, Beech 1900 kuma a 2002, amma har yau suna dako. A taƙaice, kasuwar gwanjo ce ke ciyar da wannan sana'a.

3.0 Lissafin Arahar Zama

Kuɗin da jirgi ke ci kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya ko ya tashi ko bai tashi ba: bashin banki ko kuɗin haya, inshora, albashi. Akwai wanda sai ya tashi ake biya: mai, kuɗin sauka, da lalacewar inji. Sabon jirgi yana da nauyi a kashin farko, da sauƙi a na biyu. Tsoho kuwa akasin haka yake. Abin da ke raba gardama tsakaninsu shi ne yawan sa'o'in da za a tashi a shekara.

Ga misali na ƙaddarawa, domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce sabon jirgi dala miliyan 24 ne, tsoho mai girmansa dala miliyan 3, kuma jarin yana cin kashi 10 cikin 100 a shekara. Mai sabo zai biya dala miliyan 2.4 duk shekara, mai tsoho dala 300,000. A ce kuma tsohon ya fi sabon cin mai da gyara da dala 1,200 a kowace sa'a. Idan sa'a 800 za a tashi a shekara, kamar yadda sawun safe da na yamma ke bayarwa, jarin sabon zai faɗo dala 3,000 a kan kowace sa'a, na tsohon kuma dala 375, a haɗa da ƙarin 1,200 ya zama 1,575. Tsoho ya yi nasara da rata mai yawa. Amma idan sa'a 2,400 za a tashi, kamar jirgin fasinja mai wuni yana kai da komo, na sabon ya sauko dala 1,000, na tsohon ya tsaya a 1,325. Sabo ya karɓe. A wannan misali, wajen sa'a 1,750 ne suke yin kunnen doki.

Amsar tambayar farko ke nan. Dakon saƙonnin gaggawa sana'a ce ta ɗan tashi da dogon jira, domin jadawalin babban jirgi ne ke juya ta. Jirgin da ya dace da ita shi ne wanda zamansa ba ya cin kuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san ciwon da take yi wa.

Sai a tambaya: in haka ne, me ya sa FedEx ya yi odar sababbi? A watan Nuwamba na 2017 ya ba da odar ATR 72-600F guda 30 da Cessna SkyCourier guda 50, ya fara karɓar na farko a 2020, na biyu a 2022. Dalili biyu ne. Babban kamfani yana samun bashi da ruwa kaɗan, saboda haka nauyin sabon jirgi a kansa bai kai yadda yake a kan ƙaramin ɗan kasuwa ba. Sannan sababbin suna da ƙofar da kwantenar jirgi ke shiga kai tsaye, SkyCourier yana ɗaukar guda 3, ba sai an tsaya ana jera kwali ɗaya bayan ɗaya da hannu ba. Wannan bai rushe lissafin ba, ya dai nuna cewa tsadar bashi ita ce ke tura mutum wajen tsohon jirgi. Inda ruwan banki ya haura kashi 20 cikin 100, kusan babu wata ƙofa sai ita.

Akwai wani abu da sabon shiga ke mantawa. Kayan 'yan aike ba su da nauyi, cika wuri suke yi, kuma sau da yawa jirgi yakan cika maƙil tun bai kai nauyin da aka yarje masa ba. Shi ya sa a ƙa'idar dakon sama, kwalin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita 1 ne ake cajinsa kamar kilo 167, ko da auduga ce a ciki. Wanda ya sayi jirgi yana kallon tan nawa yake ɗauka, bai auna cikinsa ba, ya sayi rabin lissafi.

4.0 Kuɗin da Ba Ya Fitowa Yau

Araha ba ta ado. Mafi girman abin da tsohon jirgi ke ci ba ya bayyana a ƙarshen wata, taruwa yake yi a ɓoye har ranar da zai faɗo gaba ɗaya.

Na farko shi ne inji. Injin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, wanda ke jikin Caravan da Beech 99 da Beech 1900, ya fara aiki tun shekarun 1960. A samfurin da ke kan Caravan, asalin ƙa'ida ita ce a duba sashen wuta na injin bayan sa'a 1,800, a yi masa cikakken garambawul bayan sa'a 3,600. Garambawul ɗaya yana cin ɗaruruwan dubban daloli. Idan aka ƙaddara dala 360,000 ne, to duk sa'ar da injin ya yi yana aiki ya ci dala 100 wadda ba wanda ya zo karɓa a ranar. Kamfanin da ya san abin da yake yi yana zuba wannan kuɗi a asusu na daban, sa'a bayan sa'a. Wanda bai sani ba yana ganinsa a matsayin riba, ya raba ya kashe. Shi a ganinsa ciniki yake yi, alhali uwar kuɗi yake ci. Ranar da sa'o'in suka cika, ko dai ya ajiye jirgi ya kori ma'aikata, ko ya ci gaba da tashi da injin da wa'adinsa ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne gangar jiki. Ƙarfe yana gajiya. Duk tashi da sauka yana lanƙwasa fiffike, yana dukan ƙafafu, kuma a jirgin da ake cusa wa iska a ciki, jikin yana kumbura ya saɓe kamar balan-balan. Saboda haka injiniyoyi suna ƙirga sawu tare da sa'o'i, kuma jirgin gajeriyar hanya yana tara sawu da sauri. Duniya ta ƙara farga da wannan a ranar 28 ga Afrilu 1988, lokacin da rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yage a sararin Hawaii, abin da ya kai Amurka ga yin dokar kula da tsofaffin jirage a 1991. A ranar 19 ga Disamba 2005 kuma fiffiken wani jirgi mai farfela na kamfanin Chalk's, ƙirar 1947, ya ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa daga Miami, mutum 20 suka rasu. Abin lura a rahoton masu bincike shi ne inda suka ɗora laifin: a kan tsarin gyaran kamfanin da ya kasa ganowa da gyara tsagar, da kuma hukumar da ta kasa gano raunin tsarin. Tsufa ne ya haifar da tsagar, sakaci ya bar ta ta girma.

Na uku shi ne kalanda. Wasu sassa, kamar farfela da ƙafafun sauka, suna da wa'adi na shekaru ko an tashi ko ba a tashi ba. Tsatsa ma ba ta jiran jirgi ya motsa. Hukumomi kuma sukan zo da sabuwar ƙa'ida, kamar na'urar ADS-B mai sanar da inda jirgi yake, wadda Amurka ta wajabta daga 1 ga Janairu 2020. Zaman tsohon jirgi yana da araha, amma ba kyauta ba ne.

Na huɗu shi ne kayan gyara. An ƙera Caravan sama da 3,000, ATR sama da 1,500, don haka kayansu da masu gyaransu suna ko'ina. Jirgin BAe ATP na Ingila kuwa ba a ƙera 70 ba, shi ya sa kamfanin West Air Sweden, da ya mayar da su jiragen dakon wasiƙu, sai da ya tattara kaso mai yawa na samfurin a hannunsa. Kamfanin Fokker ya durƙushe tun 1996. Masana'antar Antonov tana Kyiv, ta injinansa tana Zaporizhzhia, kuma yaƙin da ya tsananta a Yukiren daga 2022 ya shafi duka biyun. Darasin shi ne a tsaya a kan samfuri ɗaya mai yawa a duniya, a kuma sayi wani na gefe da za a riƙa cirar kaya a jikinsa.

Duk waɗannan a takarda suke rayuwa. Kowane sashe mai wa'adi yana da tarihinsa a rubuce: ranar da aka ƙera shi, sawu nawa ya yi, wa ya gyara shi. Jirgin da kundinsa ya ɓace darajarsa ta zube, ko da fentinsa yana ƙyalli. Mai sayen tsohon jirgi kundin yake saye, ƙarfen biyo shi yake yi.

5.0 Kwangila da Matuƙi

Kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a ba su cika neman lodi da kansu ba. Tsarin FedEx shi ne misali mafi bayyana: shi ke mallakar jiragen, ya ba ƙananan kamfanoni irin su Empire Airlines da Mountain Air Cargo haya, ya ɗauki nauyin mai da kuɗin gyara, ya biya su ladan gudanarwa. Ameriflight, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1968, da nasa jiragen yake aiki, amma shi ma hanyoyinsa na kwangila ne. A wannan tsari, ko jirgi ya cika ko bai cika ba, an biya sawu. Abin da ake auna kamfani da shi shi ne isa a kan lokaci. Matuƙin da ya ga hadari ya fasa tashi, ko ya ƙi ƙarin kwali, ba aljihunsa ya taɓa ba.

Akwai wuraren da gwamnati ce ke tsayawa a matsayin mai kwangilar. A Alaska, inda mafi yawan ƙauyuka ba su da hanyar mota, hukumar gidan waya ta Amurka tana biyan kuɗin kai kayan masarufi ta sama tun 1972, kuma wannan ne ya riƙe kamfanonin dako na jihar.

Amma dogaro da abokin ciniki ɗaya yana da nasa haɗarin. Shekaru da dama, babban abin da ƙananan jiragen dare ke ɗauka a Amurka shi ne takardun cakin banki, domin sai takardar ta isa bankin da ya bayar da ita ake sakin kuɗi. A 2003 aka yi dokar da ta halatta amfani da hoton caki, ta fara aiki a watan Oktoba na 2004. Cikin 'yan shekaru wannan lodi ya ƙafe. Waɗanda suka tsira su ne suka koma ɗaukar saƙonnin 'yan aike da samfuran jini da magungunan asibiti masu gajeren wa'adi. A nan ma tsohon jirgi ya yi rana: wanda ba shi da bashi a wuya yana iya ajiye rabin jiragensa ya jira kiɗa ya canza.

Matuƙi kuma matsala ce da ba ta ƙarewa. Aikin na dare ne, sau da yawa mutum ɗaya, cikin sanyi da ƙanƙara, wani lokaci shi ne mai lodi. Tun 2013 Amurka ta ce sai mai sa'a 1,500 zai zauna a kujerar jirgin fasinja na manyan kamfanoni, sai dako ya ƙara zama wurin tara sa'o'i. Kamfani ya horar da matashi, da ya goge sai ya tafi. Kuɗin horon wanda zai gaje shi ma wani asusu ne da ake tarawa kamar na garambawul.

6.0 Ɗaya Fuskar: Jiragen Antonov a Afirka

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, ɗaruruwan jiragen An-12 da An-26 da An-32 sun rasa aiki, matuƙansu sun rasa albashi. Jirage ne da aka ƙera wa soja: ƙaƙƙarfa, masu ƙofar baya da mota ke shiga, ba sa buƙatar kayan aikin filin jirgi. Angola da Kwango da Sudan, inda yaƙi ya cinye hanyoyi, sun karɓe su hannu biyu. Kuma gaskiya ce, sun kai abinci da magani da man fetur wuraren da babu mai zuwa.

Sai dai tsarin cinikinsu na tasha ne. Babu kwangila tsayayya, lodin yau shi ne kuɗin yau, kuma sau da yawa ladan ma'aikatan jirgi yana rataye da sawu. A irin wannan hali duk ƙarin buhu riba ce, duk ranar da aka tsaya gyara asara ce. Rajista kuma akan yi ta a ƙasar da jirgin bai taɓa sauka ba, wadda ba ta da mai zuwa duba shi, duk da cewa Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ɗora alhakin lafiyar jirgi a kan ƙasar da ta yi masa rajista. Da Tarayyar Turai ta fitar da jerin kamfanonin da ta haramta wa sararinta a watan Maris na 2006, ta haɗa da kusan dukan kamfanonin da ke da rajista a Kwango ta Kinshasa da Ikwatoriyal Gini da Laberiya da Saliyo da Swaziland. A farkon 2009 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda filin Sharja nata ya kasance matattarar waɗannan jirage, ta dakatar da An-12.

Haɗura biyu sun isa misali. A ranar 8 ga Janairu 1996 wani An-32 da aka yi wa lodi fiye da kima ya kasa tashi daga filin N'Dolo a Kinshasa, ya faɗa cikin kasuwa, sama da mutum 200 suka rasu. Samfurin An-32 bai fara aiki ba sai a shekarun 1980, wato jirgin bai ma tsufa ba. A ranar 4 ga Nuwamba 2015 wani An-12 ƙirar 1971, mai rajistar Tajikistan, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Juba, kusan mutum 40 suka rasu, galibinsu fasinjojin da aka ɗora a jirgin kaya. Kamfanin Antonov ya ce ba a yi wa jirgin gyaran da ya wajaba ba. Sabo da tsoho, abu ɗaya ya kayar da su: sakaci.

A nahiyar nan kuma akwai ɗaya tsarin. Kamfanin Solenta na Afirka ta Kudu ya daɗe yana gudanar da jiragen ATR na kaya a madadin DHL. Jiragen UNHAS na Hukumar Abinci ta Duniya, masu zuwa Maiduguri da Diffa da Agadez da ma'aikatan agaji da ƙananan kaya, na 'yan kwangila ne da ake bincika kafin a ɗauka. Ke nan laifin ba na sararin Afirka ba ne.

7.0 Ko Kano Za Ta Iya?

Taswira tana goyon bayan Kano. Agadez tana da nisan kilomita 550 da wani abu ta sama, Yamai da Njamena kowacce kimanin 700, Legas 800 da 'yan kai. Duka tafiyar sa'a biyu ce ko ƙasa da haka a jirgin ATR, alhali tirela kwanaki take yi. Akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya tun 1964, mai yaye matuƙa da injiniyoyi.

Amma akwai tarnaƙi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana sa iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, dole a rage lodi ko a tashi da dare. Ƙurar hunturu tana cin fikafikan cikin inji, ta kusanto da garambawul, hazo kuma ya hana sauka a filin da ba shi da na'urori. Kuɗin shiga da naira ne, kayan gyara da inshora da dala: bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, saboda haka asusun garambawul da aka tara da naira ya narke a zaune. A 2022 kamfanonin jiragen Nijeriya sun koka cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Siyasa ma tana iya rufe hanya dare ɗaya, kamar yadda aka dakatar da zirga-zirga tsakanin Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Babban tarnaƙin dai shi ne lodi. Tumatirin Kadawa da albasa da riɗi ba za su iya biyan kuɗin jirgi ba. Abin da ke biya shi ne mai tsada, mara nauyi, mai gaggawa: alluran rigakafi, magunguna, samfuran gwajin asibiti, wayoyi, kayan gyaran injinan masana'anta, 'yan tsaki masu kwana ɗaya. Mafi yawansu daga kudu suke zuwa arewa, kuma jirgin da ya dawo fanko ya ninka wa kowane kilo kuɗi. Duk ɗan kamasho ya san zancen lodin dawowa.

Sai batun doka. Bayan faɗuwar jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, inda sama da mutum 100 suka rasu, gwamnati ta sanar da daina yi wa jirgin da ya haura shekara 22 rajista. Ana iya fahimtar dalilin, domin ƙirga shekaru ya fi bin kundin gyara sauƙi, musamman inda sufetoci ba su da yawa. Amma shekaru ma'auni ne mai rauni. Zai hana shigowar jirgi mai shekara 28 da kundinsa yake cikakke, ya bar mai shekara 15 da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa tsohon jirgi mai farfela yana kawo riba ne a aikin da tashinsa kaɗan ne, jiransa da yawa, kuma abin da ya raba Memphis da N'Dolo shi ne wanda ke biyan sawu, da inda kuɗin garambawul ke kwana, da wanda ke duba kundi. Bisa wannan take ba da shawara uku. Mai son shiga sana'ar ya fara samun kwangilar shekaru daga ɗan aike ko hukumar lafiya ko ta agaji kafin ya je kallon jirgi. Bankin da zai ba shi bashi ya sa sharaɗin asusun garambawul da dala, wanda ba a taɓa shi sai da takardar injiniya. Hukuma kuma ta zuba jari a kan sufetoci da sikelin auna lodi a bakin jirgi, ta yadda za ta iya yi wa jirgin kaya hukunci da sawunsa da kundinsa. Inda aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, gara kayan su bi tirela, ko da za su yi kwana huɗu a hanya.